Ni Na Tura Mijina Aikin Amurkawa

Lokacin da abin nan ya faru ni matar mai ga-ruwa ce a Misfala, cikin Makka. A nan aka haife ni, iyayena kuwa daga ƙasar Kano suka tako da ƙafa. Ina tuyar ƙosai a bakin lungu, maigidana yana ɗibar ruwa a bazan, wato matattarar ruwan unguwa, garwa biyu a sanda yana kaiwa gidaje. Mutum ne mai sanyin hali. Ni kuma Allah ya yi ni da dogon buri da kaifin baki.

Har yau ban taɓa ganin Ba'amurke da idona ba, tunda ba sa shiga Makka. Labarinsu a bakin masu zaman gahawa muke ji. Da farko cewa ake yi mutane ne da ba ruwansu da rigimar kowa, 'yan kaɗan ne suka zo gabashin ƙasar suna tonon rairayi. Da yaƙin duniya ya tsare teku, alhazai suka ɗauke ƙafa, yunwa ta shigo mana har ɗaka, sai ga buhunan alkama ana cewa da hannun Amurkawa a ciki. Tun daga nan na ƙudurta a raina cewa masoyan talaka ne.

Bayan yaƙi aka ce suna ɗibar ma'aikata a wajen haƙar mai. Na tasa maigidana gaba da mita sai ya je. Ya yi ta nuna mini cewa gurbinsa a bazan gadon mahaifinsa ne, kuma shehun masu ruwa ba ya mayar da sanda ga wanda ya ajiye ta da kansa. Na ce masa kafaɗarsa ta yi kanta kamar ta jaki, yaransa kuma ba takalmi. Da gari ya waye ya kai wa shehu sandar, ya kama hanyar gabas.

Shekarun farko mun ji daɗi, har na riƙa ɗaga wa maƙwabta hanci. Amma da ya zo hutu ya ce mini Amurkawan sun sauya. Yanzu tsoron Rasha ya cika musu ciki, abotarsu ta koma ta manya kawai, kuma duk leburan da ya yi kukan wurin kwana sai a kira shi ɗan gurguzu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ko ruwan sha an raba, nasu daban, na lebura daban. Na ce ya ja bakinsa ya koma.

Wani abokin aikinsa ne ya kawo mini sauran labarin. Ma'aikata sun yi yajin aiki, suka zauna cikin rana. Maigidana bai shiga ba, bai ma san me ake nema ba. Sai dai a sana'arsu mai ruwa ba ya wuce mai ƙishi, don haka ya cika garwa ya bi su yana ba su. Da aka zo kame aka haɗa da shi. Masu dangi a ƙasar aka karɓo su. Shi kuwa Takari ne, ɗan asalin ƙasarmu, marar takarda, aka sa shi a jirgin ruwa aka ƙetare da shi. Wasu sun ce Sudan, wasu sun ce ba nan ba. Na je na durƙusa wa shehu ko ɗanmu zai samu gurbin ubansa, ya ba ni haƙuri ya ce an riga an ba wani.

Baƙin cikin nan ya ci ni, kuma ban ga ranar ƙarewarsa ba. Abin da na koya shi ne babbar ƙasa ba ta son kowa don Allah. Yau ta ba ka abinci, gobe bukatarta ta juya ta manta kamanninka. Ina jan kunnen mata irina, kada ku raba mazajenku da 'yar sana'arsu saboda alherin wanda ba ku san zuciyarsa ba. Duk shekara nakan tsaya inda alhazan Sudan ke sauka ina duba fuskoki. Bana na gane cewa ko ya wuce ta gabana, ba lalle in shaida shi ba.