Shaidar da Na Bayar a Kan Kifin Ƙanwata

A shekarar da ruwan Kainji ya ci gungunmu, tsibirin da muke zaune, aka tashe mu, ni matar aure ce mai bandar kifi a Yelwa, haka ma ƙanwata da muke ciki ɗaya. Ni na koya mata jera kifi a kan wuta, amma nata ake rububi, nawa sai ya yi kwantai. Ba zan ɓoye ba, duk ranar da aka yabi hannunta sai in ji kamar an ɗora mini garwashi a ƙirji.

Ana haka wani mai jirgin fito daga Warra ya sayi kifinta, ya ci, ya kora da furar gorarsa. Kafin la'asar ya rasu yana kumfar baki. Da 'yan sanda suka tambaye ni, na ce ai na sha jin cewa kifin da aka kashe da magimfa take saye, wato ganyen dafin da ake zubawa a ruwa. Alhali da idona na ga shatin raga a wuyan kifin nan, kuma duk mai banda ta san kifin dafi ba ya da wannan shatin. Aka tafi da ƙanwata tana goyo, ana maganar rataya. Inna ta daina cin abinci.

Likitan da ya duba gawar ne ya ƙi yarda da jita-jita. Ya ɗebi abin da ke cikin mamacin, ya haɗa da ragowar kifin da furar gorar, kowanne da kwalbarsa, ya liƙe ya aika ɗakin gwaji a birni. Bayan makonni takarda ta dawo: kifin lafiyarsa lau, maganin ɓera ne a furar. Aka bi sawun wanda ya riƙe gorar, sai ga abokin aikinsa mai kwaɗayin injin jirgin, kuma ya amsa laifinsa.

Ranar da aka sako ta, ba ta zage ni ba. Kifi ta gasa ta kawo mini da kanta, ta ce, "Yaya, ci abinki, wanga raga ta kama shi. Ke ma kin iya duba wuya nai."

Na gane cewa kwalba ta yi wa ƙanwata adalcin da jininta ya kasa yi mata. 'Yan'uwa, in an tambaye ku shaida kuna jin haushin mutum, ku faɗi abin da idonku ya gani kawai. Ta yafe mini tuni, amma har ta koma ga Allah ba ta sake hura wutar banda ba.