Gaisuwar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Jiya Talata, da misalin ƙarfe uku na rana, na yi wani mafarki a gidanmu na ƙauye. Mu biyu ne a gidan, ni da Inna mahaifiyata. Tana tsakar gida tana tsintar wake, ni kuma na kishingiɗa a tabarma a ɗakin marigayi Baba, barci ya sace ni. Bai kai awa guda ba. Na rubuto muku ne, 'yan'uwa cikin Almasihu, domin a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sanin Maganar Allah. Aikina karanta labarai ne a rediyo, saboda haka zan ware muku abin da ya faru ido biyu da abin da na gani a barci, don kada su cakuɗe.

Ga na ido biyu tukuna.

Baba manomi ne, kuma a kan addinin kakanninmu ya tsufa. Ni tun ina makarantar kwana na ba da gaskiya. Bai hana ni ba, bai kuma bi ni ba. Sai bara, bayan ya haura saba'in, ya fara zuwa sujada da ƙafarsa, Inna na biye da shi. Daga baya ya shiga ajin masu shirin baftisma. Ranar da Fasto Iliya, mai kula da ikilisiyar ƙauyenmu, ya zo kan koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na zo hutu, ina zaune a bencin baya.

Baba ya ce, "Malam, dakata. Su ukun nan, wane ne mai gidan?"

"Baba Tanko, babu babba, babu ƙarami. Allah ɗaya ne."

"To in ɗaya ne, me ya kawo ƙidaya?"

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa sa'arsa ta ce, "Kai Tanko, iskoki goma ka yi ta yanka wa kaji tun kana saurayi ba ka ruɗe ba, sai uku ne za su ruɗa ka?"

"Ke rufe mana baki. Waɗancan kowa da ranarsa, kowa da launin kazarsa. Waɗannan an ce a tare ake gaishe su."

Fasto ya yi dogon bayani. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na gane iyakar ganewata. Gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya. Amma ba a shiga gidan mutane a gaida biyu a wuce ɗaya."

A ikilisiyarmu ba yayyafa ruwa ake yi ba. Rafi ake zuwa. Mutum ya durƙusa cikin ruwa har ƙirji, fasto ya dafa ƙeyarsa ya nutsar da shi ta gaba sau uku, kowace nutsarwa da sunan da ake kira a kanta.

An sa ranar Baba a wata Lahadi da safe, ƙarshen damina, rafi cike, ruwan da sanyi. Ya kwana biyar yana tari. Na ce a ɗaga, ya ce, "Lami, shekara saba'in na sa ana jirana, ba zan ƙara musu mako ba."

Aka kira sunan Uba, ya ɗago yana murmushi. Aka kira na Ɗa, ya ɗago yana shaƙewa, idanunsa sun juye. Fasto ya dakata yana jiran numfashinsa ya dawo. Ni ce na faɗa ruwan da zanena da takalmina, na damƙi rigarsa ta baya, na ce, "Ya isa!" Na faɗe ta da muryar aiki, wadda ba a saba yi wa musu ba. Matan zumuntar ikilisiya da ke gaɓa suka katse waƙa. Baba ba ya iya magana, amma ya ɗaga yatsa ɗaya. Na ga yatsan. Na ja shi waje.

Ciwon huhu ne, in ji likita. Fasto ya zo asibiti ya ce zai zuba masa ruwa a ka, a ƙarasa. Baba ya ce, "A rafi na bar su, a rafi zan same su." Na goyi bayansa, don na ɗauka zai tashi. Kwanansa tara ya rasu. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce, "Lami, biyu na gaida."

Fasto ya gaya mini ba ruwa ke ceto ba, bangaskiya ce, kuma Allah ba ya rabuwa kashi-kashi. Wani dattijon ikilisiya kuwa ya ce abin da aka ce uku, uku ne. Inna tambaya ɗaya ta yi mini, ranar da masu ta'aziyya suka watse: "Ke da kike gaya wa duniya abin da ya faru, gaya mini. Mijina ya shiga, ko yana ƙofa?" Wata huɗu ke nan ban ba ta amsa ba.

Yanzu ga mafarkin.

Na gan ni a ɗakin watsa labarai. Jar fitila ta kama, alamar muna kan iska. A gabana akwai takarda guda, sanarwar rasuwar Baba ce, layi uku. Na karanta na farko, na karanta na biyu. Na ukun ya jiƙe, tawadar ta narke ta zubo mini a yatsu. Na ɗaga kai na dubi mai haɗa sauti a bayan gilashi. Ban gane fuskarsa ba. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya bar shi a sama.

Sai kawai na ji yashi a ƙafata. Ina tsakiyar rafin ƙauyenmu. Babu ruwa ko ɗigo, amma ƙarar ruwa na nan kamar a tsakiyar damina. Matan zumunta sun yi layi a gaɓa da ankonsu, bakinsu na motsi, hannuwansu na tafi, ba a jin komai. Zannuwansu na ɗiga, yashin ƙarƙashinsu a bushe. Na gaishe su, ba wadda ta dube ni. Duk gabas suke kallo, sai na bi inda suke kallo.

Sai kawai ga gida a tsakiyar rafin. Katangarsa ta ƙasa ce irin tamu, sai dai na duba dama ban ga ƙarshenta ba, na duba hagu haka. Zaure ɗaya ne. Akwai haske ko'ina, babu rana, babu inuwa.

Baba na tsugune a cikin zauren. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a waje, hularsa na kan gwiwa. Farar rigar nan ce ta ranar baftisma, sharkaf, ta manne masa a baya har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ƙofar shiga cikin gidan na gabansa. Babu ƙyaure, babu labule.

Ya yi sallama. Wata murya ta amsa daga can ciki, ta ce, "Maraba."

Ya sake sallama. Aka amsa, "Maraba," amma daga nan kusa da kafaɗarsa, kamar mai amsawar yana tsugune tare da shi.

A nan zan faɗi wani abu daidai yadda yake. Kunne ne jarina. Abokan aikina da jan numfashinsu kaɗai nake rarrabe su kafin su furta kalma. Na kasa kunne in ji ko murya biyu ce ko ɗaya. Ba zan iya cewa ɗaya ce ba, ba zan iya cewa biyu ba. Wadda ta amsa daga nesa ba ita ce ta kusa ba, duk da haka babu abin da ke cikin wannan da babu a waccan.

Baba ya buɗe baki zai yi sallama ta uku. Ruwa ne ya zubo. Ya yi tari, ya goge bakinsa da hula, ya gyara tsugunno, ya koma farko. Sallama, maraba. Sallama, maraba. Ruwa. Na ƙirga sau bakwai, daga nan ƙidaya ta ɓace mini.

Na durƙusa a bayansa na ce, "Ya Ubangiji, ba laifinsa ba ne. Ni na ja shi."

Ba a amsa ba.

Na ce, "An koya mini ba kwa rabuwa. Wanda ya amsa masa sau biyu, ashe ba shi ne na ukun ba? In haka ne, me yake jira?"

Ba a amsa ba. Akwai wata iska da ke fitowa daga cikin gidan, tana ratsa zauren ba tsayawa. Tana kaɗa bakin zanena, tana kaɗa furfurar Baba. Ba ta busar da rigarsa ba. Ban san ko tun farko tana nan ba, ko sai lokacin na lura.

Na ce bari in yi masa sallamar da bakina, tunda ni muryata lafiya take. Na kira sunan Uba, ya fita. Na kira na Ɗa, ya fita. Da na zo na uku leɓena ya motsa, maƙogwarona ya motsa, ban ji komai ba, kamar an sauke mini sauti daga bayan gilashi.

Sai kawai ga Fasto Iliya a gefenmu, tsaye cikin ruwa har ƙugu, ruwan kuma a kewayensa kaɗai yake. Ya miƙo hannu ya ce, "Lami, ba ni shi."

Na ce, "Ga shi nan, Fasto, ɗauke shi."

Ya ce, "To sake shi."

Na duba. Hannuna na dama na damƙe da rigar Baba ta baya, a daidai inda na kama ranar. Ban san tun yaushe ba. Na sa hagu in ɓamɓare yatsun, sai hagun ma ya kama rigar. Na sa haƙori na ciji bayan hannuna, ban ji zafi ba, bai kuma buɗe ba.

Baba bai waiwayo ba. Ya ce, "Lami, ana kallona. Kunya nake ji."

Na ce, "Baba, tashi ka shiga mana. Ai babu ƙyaure. An ce maka maraba."

Ya ce, "Haka na koya miki?"

Wannan ne ya fi komai tsaya mini a rai. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya kore shi. Shi ne ba zai tsallake mutum bai gaishe shi ba, ni ce kuma riƙe da shi.

Sai kawai ruwan da nake ta jin ƙararsa ya iso. Ya shigo ta ƙofar waje, ya kwashe takalman Baba, ya rufe gwiwoyinmu, ya kai ƙirji. Fasto ya dafa ƙeyar Baba. Na ji Baba ya saki jikinsa, ya sunkuyar da kai da kansa. Na ce a raina, to, ga shi, yanzu za a ƙarasa, abin da ya rage kawai in tsaya cik. Na san haka sarai. Ruwan ya taɓa gemunsa, ya taɓa leɓensa na ƙasa. Fasto ya ja numfashi zai kira sunan. Sai na ji hannuwana suna ja baya da dukan ƙarfina, na ji muryar nan tawa ta aiki ta cika zauren: "Ya isa!"

Ita ta tashe ni. Na farka yatsuna sun nutse cikin bakin tabarma, har kabar ta yanke ni. Inna na tsaye a bakin ƙofa da faifan wake a hannu.

Ta ce, "Wa kike ce wa ya isa?"

Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku, ban rage komai ba. Ta saurara a tsaye. Da na gama ta ce, "A can ma ba ki sake shi ba?" Na ce a'a. Ta koma kan wakenta.

To 'yan'uwa, abin da nake roƙo ke nan. Na san koyarwar. In an tambaye ni zan jera ta tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Kada ku maimaita mini ita, mafarkin nake so ku duba. Me ya sa aka amsa wa Baba sau biyu, ni kuwa ba a amsa mini ko sau ɗaya ba? Iskar nan da ke wucewa, amsa ce da ban iya ji ba, ko iska ce kawai? In Allah ba ya rabuwa, don me aka bar tsoho a jiƙe a zaure yana komawa farko? Abin da aka nuna mini halin da Baba yake ciki ne, ko nawa ne? In nasa ne, akwai abin da mai rai zai iya yi, ko an rufe wannan ƙofar tun ranar da na ga yatsansa na ƙi tsayawa? In kuma nawa ne, ta yaya mutum zai tuba daga abin da aka sake sa shi a gabansa, ya sake aikatawa?

Wanda ya san ma'anarsa ya gaya mini, ko da ba mai daɗi ba ce.

Yau da safe Inna ta yafa mayafinta ta tafi gidan Fasto Iliya ita kaɗai. Ta ba da sunanta, za a yi mata baftisma a rafi ranar Lahadi ta sama. Da ta dawo ta same ni ina haɗa kaya, ta ce, "Ranar ki zauna a birni, Lami. In an gama za a aiko miki." Na buga waya wurin aiki, na karɓi labaran safe na ranar Lahadin.