Malam Sanda da 'Yan Tunkuza

Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san Malam Sanda na bayan kamfani, ko da bai so ba. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka na sha labarin ƙungiyarsa ta ƙwallo har ya gundure ni.

Kamfanin da ake faɗa na matsar man gyaɗa ne, a bakin hanyar Gwaram. Yau ba abin da ya rage sai kango da jemagu. Lokacin da injina ke aiki, Sanda ne mai lura da buhunan tunkuza. Ma'aikata suka share fili a baya suna buga ƙwallo in an tashi aiki, manaja ya saya musu jesi ruwan ɗorawa, mutanen gari suka laƙaba musu 'Yan Tunkuza. Sanda bai taɓa buga ƙwallo ba, ko ta tsumma. Tsawa kawai ya iya, aka ba shi shugabanci don a huta da bakinsa.

Da hawansa sai ya kafa doka: ba mai sa jesin nan sai ma'aikacin kamfani ko ɗan da ma'aikaci ya haifa. A lokacin ba wanda ya damu, ma'aikata sun yi yawa. Amma kamfani ya mutu sama da shekara ashirin, doka ba ta mutu ba. 'Ya'yan ma'aikatan suka girma suka ajiye tumbi, wasu suka tafi Kano, wasu Legas. Ƙungiya ta yi ta gangarowa har ta tsaya a rukunin ƙarshe na gasar Birnin Kudu da Gwaram, inda ake fafatawa da unguwanni da ƙauyuka. Sanda kuwa yana nan yana yi wa mutane bayanin asali, kai ka ce sarauta ake gado.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar Abdulnasir, jikansa, ɗan 'yarsa Jummai. Saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, kuma a yankin nan ba mai ƙafa irin tasa. Ƙungiyoyi daga Dutse sun neme shi ya ƙi, wai shi ta kakansa zai buga. Sanda ya ce a'a, uban yaron manomi ne daga Wurno, bai taɓa ɗaukar buhu a kamfani ba. Jummai ta yi magana har ta gaji.

Bara abin ya zo ƙarshe. Sau biyu 'Yan Tunkuza suna kasa cika mutum bakwai, kuma ƙasa da haka alƙalin wasa ba ya busa usur. Masu shirya gasa suka ce in an kuma, za a cire sunan ƙungiyar gaba ɗaya. Wasa na gaba da 'yan Maruta ne, a filin bayan kamfani, bayan la'asar.

Na je, ba don ƙauna ba, sai don in ga yadda za a ƙare. 'Yan Maruta sun cika fili suna motsa jiki. Na Sanda shida ne, ɗaya ma yana ɗingishi. Abdulnasir na tsaye a bakin layi da takalminsa a hannu.

Baba Jonah, tsohon makanikin kamfanin wanda ya tsare wa ƙungiyar raga a zamaninsa, ya dafa sandarsa ya ƙaraso.

"Malam Sanda, don Allah ka sa yaron nan. Jininka ne fa."

"Jinina ne, amma ba jinin kamfani ba ne," in ji Sanda.

"Wane kamfani? Wannan da awaki ke kwana a ciki?"

Sai muka ga Sanda ya tuɓe riga, ya zura jesi a kan singileti, ya naɗe ƙafar wando. Ai shi ma'aikaci ne, doka ta ba shi dama. Mutum mai shekara kusan saba'in! Fili ya kaure da ihu, ni kuwa kunya ta kama ni a madadinsa. Alƙali ya ƙirga bakwai, ya ɗaga kafaɗa, ya busa.

Ba a jima ba ƙwallo ta gangaro wajensa a hankali, irin wadda ko akuya za ta tare. Ya ɗaga ƙafa da dukkan ƙarfinsa, ya kuskure ta, ya zube a kan ƙugu. Dariya ta tsaya da aka ga ya kasa tashi.

Abdulnasir ne ya jefar da takalmi ya ruga. Ya goya shi a baya ya nufo bakin fili, Sanda na nishi. Alƙali ya dubi sauran shidan, ya tambayi kyaftin ko akwai canji. Kyaftin ya waiwayi shugabansa, shugaba kuwa na can a goye, ido a rufe. Alƙali ya jira abin da zai iya jira, sannan ya busa tashi. 'Yan Maruta suka fara tattara kayansu.

Ina kusa da su lokacin da Sanda ya buɗe ido a bayan jikansa. Ashe zafi ya hana shi jin usur ɗin. Ya kama wuyan jesin yana ƙoƙarin cirewa.

"Abdulnasir, sauke ni. Karɓi rigar nan ka shiga, kada a cire mu."

Saurayin bai sauke shi ba, ya gyara goyon ya ci gaba da tafiya wajen masu babur.

"Yi shiru, Tsoho," ya ce. "An riga an cire ku."