Zanen Iya a wuyan Kawu Sale

A gidan kakata ta wajen uwa aka raine ni, a Ƙofar Marusa. Iya muke ce mata. Bafillatana ce da aure ya kawo birni, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Idan an ci tuwo bayan magariba mu takwas muke zagaye murhunta, jikoki da 'ya'yan maƙwabta, tana tona garwashi da tsinke. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya naɗe ƙafa. "Ga ta nan," za ta ce, "wanda ya yi motsi shi za ta fara ci."

Ɗanta na fari shi ne Kawu Sale, tela a Babbar Kasuwa. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenta: ba ta kiransa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban kowa. "Wancan" take ce masa. In za ta ba shi tuwo, ni take miƙa wa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da hayaniyar 'yan siyasa, aka kawo wani fim silima, na wani Bature mai tashi sama da mayafi a wuya. Kawu ya kalle shi har sau shida. Mata ba sa zuwa, balle mu, saboda haka shi yake kawo mana shi gida da bakinsa. Yana faɗin yadda mutumin ya tare jirgin ƙasa da kafaɗa, yadda harsashi ke zubewa daga ƙirjinsa kamar tsakuwa. Ya tsaga gashinsa irin na jarumin, har abokansa suka ce suna kama, ya kuma yarda. Ya rantse mana mutumin da gaske yake tashi, don ya gani da idonsa, ba a yi masa ƙarya a kan abin da ya gani.

Cikin mako guda murhun Iya ya watse. Duk muka koma gindin soron Kawu. Tana zaune ita kaɗai da tsinkenta.

Ranar da abin ya faru, ni na ɗauko zanen Iya daga igiyar shanya, ni na ɗaura masa a wuya. Ya kafa tsani ya hau kan soro don ya nuna mana yadda jarumin ke tsayawa. Tsayawa kawai ya yi niyya, na tabbata. Mu ne muka fara tafi muna cewa ya tashi.

Na juya na kalli Iya. Ta miƙe tsaye, bakinta ya buɗe. Akwai matan maƙwabta biyu a tsakar gida, idonsu a kanta. Kalma ɗaya ce ta rage, ta ce Sale, ya sauko. Sai ta koma ta zauna, ta dubi garwashi, ta ce da ƙarfi: "Ku bar wancan. Mi zai iya? Ko kaza ta hi shi tashi."

Ya ji. Ya yi dariya, ya buɗe hannu, ya diro. Bayansa ya sauka kan turmi.

Maɗori ya zo, asibiti ma an je. Ƙafafun ba su dawo ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin da ke kusa da murhu, aka sayar da keken ɗinkinsa. Mu kuma muka dawo wajen Iya, ta karɓe mu da sabuwar tatsuniya.

Wai an yi wani zakara da ya ga shaho a sama, ya ɗaura tsumma a wuya ya ce shi ma shaho ne. 'Yan tsaki suka yi masa kirari, ya hau rumbu, ya faɗo cikin tukunyar miya. Sai uwar kaza ta leƙa ta ce, "Sannu da sauka, sarkin sama. Da gishiri ko a ƙara?" Iya tana maƙale murya a nan, mu kuwa mu fashe da dariya. Tawa dariyar ta fi ta kowa. Ƙofar Kawu a buɗe take.

Wani dare ya kira ni. "Binta, ki ce mata ta canza tatsuniya."

Na faɗa mata. Ta ce, "Ki ce ma wancan, mai kunne shi toshe."

Shekara huɗu ya yi a tabarmar nan. Ni kaɗai na san da asuba Iya take shiga ta juya shi, ta wanke masa jiki, fuskarta a bango, ba magana. Ranar da ya rasu ba ta yi kuka a gaban mutane ba, mata suka yaba mata. Ba na sa wannan wanka a ma'auni don in wanke ta. Abin da kunnensa ya ji daga bakin uwarsa zakara ne a tukunya.

Bara jikata ta nuna mini fim ɗin a waya. Na ga mutumin: kyakkyawa, ba ya kama da Kawu ko kaɗan. Ta ce ai tuni ya mutu, kuma bai taɓa tashi ba, igiyoyi aka ɗaura masa, ƙarti na riƙe da su a bayan labule. Na ce ta kashe. Shi Baturen da ba ɗan kowa ba ne a wurin, an riƙe shi. Namu ya hau a gidan uwarsa, muna goma sha ɗaya a ƙasa, kowa hannunsa na tafi ko na naɗe.

Da na haifi ɗana na fari na roƙa aka sa masa Sale. Dangin mijina sun ce ba ni da kunya, har yau suna faɗa. Yanzu yana da furfura, amma in ya shigo gidan nan a gaban kowa nake ɗaga murya in ce, "Sale, zo nan," sai ya zo.