Ta'aziyyar da Baba Ilu Ya Kai Bakin Teku

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta da ranar da Baba Ilu ya kai ta'aziyya bakin teku ba. Ku da kuka fara aiki a masaukin nan namu na Kazaure, ku ajiye tsintsiya ku saurara.

Shekarar da aka buɗe tafiye-tafiye bayan korona, wani kamfanin otal ya ɗauke ni daga Kano zuwa wani tsibiri a gabashin Afirka, a matsayin shugaban masu kula da ɗakuna. Otal ne na manyan attajirai, amma in kun gan shi sai ku yi sallama ku tambayi nono. Bukkoki ne na ciyawa, ba talabijin, banɗaki ba rufi. Irin ɗakin da kakana ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah ya fitar da shi daga ciki, shi mutane ke hawa jirgi da kwalekwale su zo su kwana, a kan kuɗin da zai sayi kasuwar Babura har da dillalanta.

Tsari mafi tsada a wurin shi ne makon shiru. Baƙo zai ajiye wayarsa a ofis, a ɗaura masa farin zare a wuyan hannu. Daga nan ba ya magana, ba a yi masa magana, sai mako ya cika. Ma'aikacin da ya ce masa ko sannu, ya fara haɗa jakarsa.

Baba Ilu mutumin Gwiwa ne, abokin mahaifina, ni na tsaya masa aka ɗauke shi. Aikinsa ya bi yashi da manjagara kowace safiya yana share sawun mutane, don baƙo ya fito ya zaci shi ne ɗan Adam na farko da ya taka wurin. Yana cikin watannin gwaji, ƙorafi ɗaya ya isa a mayar da shi gida, ni kuma a sauke ni daga muƙami. Ga shi rabin Gwiwa ne suka rako shi tasha.

Da na yi masa bayanin farin zaren, sai ya ce, "Habu, ba mai biyan kuɗi don ya yi shiru. Ɓoye muku suke yi."

A makon nan muna da wani Bature mai sanƙo a bukkar ƙarshe, kullum yana zaune a kan yashi yana kallon ruwa. Ranar Laraba da hantsi na zagaya duba ɗakuna, sai na hango tabarma. Baba Ilu ne zaune kusa da Bature, ya cire takalmi, ga buta, ga dabino a faranti. Ya kuma jawo masu lambu 'yan tsibirin, duk Musulmi, sun jeru sun sunkuyar da kai. Jefi-jefi Baba ya ɗago ya ce, "Ya haƙuri?" Bature ya ci gaba da kallon ruwa. Baba ya girgiza kai ya ce, "Sai haƙuri."

Na raɓa na ce a hankali, "Baba, don Allah tashi."

Ya ce, "Kai dai ba ka da tausayi. Bawan Allah ko amsawa ba ya iya yi. Zauna ka yi masa fatiha."

In ja shi, an yi hayaniya, wannan ma laifi ne. Na zauna. Sai da aka kira azahar muka watse.

Manajarmu, wata doguwar mace da ko tari ba ta yi sai ta duba tsarin aiki, ta kira mu ofis. Da na ce mata ta'aziyya Baba ya je yi, ta ce a tambaye shi wa ya mutu. Na fassara. Baba ya ce ai ba a tambayar mai makoki, shi ke faɗa in ya huce. Ta ce korar Baba ta tabbata, amma doka ta ce sai an ji ta bakin baƙo, baƙo kuwa ba shi da baki sai Asabar. Aka karɓe manjagara. Baba ya daina cin abinci sosai, yana ta tambayata me zai ce wa mutanen Gwiwa.

Ranar Asabar aka yanke zare, Bature ya shigo ofis, muna tsaye. Ya ce yana da ƙorafi. Ya ce a duk makon nan abu ɗaya ne ya yi masa amfani, wato dattijon da otal ya turo ya zauna da shi, to don me aka turo shi sau ɗaya tak, alhali ya biya kuɗin mako guda?

Manaja ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ba shi haƙuri, ta ce sabon tsari ne da ake gwadawa.

Kafin wata ya ƙare an ɗinka wa Baba farar riga, an ba shi muƙamin mai zama da baƙi, sai an yi layi ake samunsa. Ni aka bar ni da gyaran gado.

To ku riƙe wannan: a aikin otal, kada ka amsa laifi sai baƙo ya buɗe baki, don shi kansa manaja bai san abin da yake sayarwa ba sai mai saye ya faɗa masa. Baba Ilu kuwa har ya yi ritaya bai sauya ra'ayi ba. Ya ce duk wanda ya biya kuɗi a zauna kusa da shi, an yi masa rasuwa, labarin ne bai iso shi ba tukuna.