Ranar da Baba ya ga kansa a talabijin

Mijina malamin firamare ne, amma allinsa a zane yake ƙarewa, ba a lissafi ba. Tun muna amarci a unguwar Kumbiya-Kumbiya ta Gombe na gane ba a ajiye takarda kusa da shi. Bayan kalanda, buhun siminti, har takardar da aka ƙunso mini ƙosai, kafin in juya ya zana mai ƙosan da hararar da take yi wa masu neman gyara. Ban taɓa ganin mai ido irin nasa ba. Kallo ɗaya zai yi wa mutum ya kwashe shi tsaf.

Daga zane ya koma 'yan tsana. Kai na duma, cikin kuwa auduga ce da wani abokinsa ke kawo masa daga Kwadon, ni ce telarsu da ragowar ƙyallen ɗinkina. Ran Asabar da la'asar sai ya rataya zanin gado a ƙofar gida, ya tsuguna a bayansa, ya cusa hannuwa cikin 'yan tsanan ya ɗaga. Murya huɗu gare shi, ban da kukan akuya. Nakan yi masa tsiya in ce babba da shi yana wasan 'yar tsana, amma ni ce ta farko wajen leƙe ta kan katanga.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowane ma'aikaci ya sayi babur, aka buɗe gidan talabijin a Bauchi. Wani jami'in ilimi da ya taɓa ganin wasan Malam ya kai labarinsa, aka kira shi ya riƙa yi wa yara shiri. Duk mako biyu yakan ɗauki akwatin ƙarfensa ya hau mota, su ɗauki wasan, ya dawo ya kalla tare da mu a tsakar gidan maƙwabcinmu, wani Batangale ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda shi kaɗai ke da talabijin a layinmu.

Cikin 'yan tsanan akwai wani tsoho mai faɗa. Ni na ɗinka masa riga ban kawo komai a raina ba. Ranar da Malam ya karkata masa hula, ya liƙa masa 'yar laima a hannu, ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "Tarbiyya ta ƙare a garin nan," sai allura ta faɗi daga hannuna.

Na ce, "Malam, wannan ai Baba ne."

Ya ce, "Tsofaffi nawa ne a Gombe?" Amma ya kasa kallona. Can ya ce, "Wallahi ba da gangan na yi ba, hannuna ne ya tafi can."

Mahaifina tsohon mai awon auduga ne, dogo, ba ya rabuwa da laima ko rani ko damina, kuma mu 'ya'yansa ba mu san dariyarsa ba. Malam kuwa tun daga nesa yake tuɓe takalmi in zai gaishe shi, bai taɓa cin ko goro a gabansa ba. Ga shi ya ɗauki surukinsa ya kai wa duniya.

Tsohon nan na cikin 'yan tsana ya fi kowa farin jini. Kafin wata biyu yara sun haddace maganarsa, manya kuma sun gane mai ita. Daga unguwar Malam Inna, inda Baba yake, har kasuwa, in ya wuce sai a bi shi da gyaran murya. Rannan ana dab da fara shiri sai ga Baba da laimarsa a gidan maƙwabcin namu. Maigidan ya ba shi kujera, kowa ya sha jinin jikinsa. Malam ya lallaɓa ya koma bayan randa.

A wasan ranar, ƙwallon yara ta fasa wa tsoho tulu. Ya yi ta faɗa yana nuna su da laima, sannan ya durƙusa ya tambayi ƙaramin cikinsu ko ya ji ciwo, yaran suka ɗare masa wuya. Wurin da aka saba kwashewa da dariya ba ka jin komai sai ƙarar talabijin. Baba ya kalla har ƙarshe, ya yi wa maigida godiya ya tafi. Washegari ya aiko yana son ganin Malam.

Malam ya ce mini, "In ya ce bai yarda ba, ba tsohon kaɗai zan bari ba, duka zan bari. Ba zan ci abinci da mutuncin Baba ba." Na san ba ya magana biyu. Na ji haushinsa, na ji haushin Baba, na kuma ji tsoro ƙwarai, don na san Malam in ba wasan nan, sauransa gangar jiki. Na ɗauki mayafi na bi shi, na laɓe bayan ƙofar zaure kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa idonsa a tabarma. Sannan Baba ya ce, "An ce ni ne. Na je na duba, ni ne."

"Baba, a yi mini aikin gafara."

"Ba wannan na kira ka ba. Faɗan nawa ne, laimar tawa ce. To shi me ya sa yara ke hawa wuyansa? Ni jikokina in suka ji takuna watsewa suke yi."

Malam ya ce, "Baba, sanda na haɗa shi a miƙe yake kamar sanda, yara suna tsoronsa. Sai na yanka ƙafar na sa masa gwiwa. In ya gama faɗa yakan sauko daidai tsayinsu."

Baba ya ce, "To. Je ka ci gaba da aikinka."

Ran Juma'a bayan masallaci Baba ya biyo gidanmu, shi da ba ya wuce zaure. 'Yata mai shekara uku tana wasa da murfin kwano a tsakar gida. Ya dafa bango, ya sauko a hankali, ina jin gwiwoyinsa suna ƙara. Yarinya ta ruga ta ɓuya bayan turmi. Na taso zan kamo ta, ya ɗaga mini hannu in bari.

Ya zauna a durƙushe, cikin rana, da babbar rigarsa a ƙasa, har tuwona ya fara kamawa. Sai da ta gaji da leƙe don kanta, ta tako ta zo ta taɓa masa gemu.