Ƙafafun Mai Safa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Madam Hilda, Baturiyar Ingila da ta zauna a ƙauyenmu na gefen dajin Kamuku. Sau biyu na ƙirga shekarun, na kuma tambayi ɗiyata Larai, don ina tsoron in rubuta wa jarida abin da ba daidai ba. Karatuna a firamare ya tsaya, masu karatu su yi mini haƙuri.

Mijinta aikin gandun daji ya kawo shi. Da ya rasu kowa ya zaci za ta koma ƙasarsu, sai ta zauna. Ni nake yi mata wanki. A ƙauye ba mai kiranta Hilda, Mai Safa ake ce mata, domin ko ana zafin bazara ba ta cire safa.

Kafin ta zo wajenmu 'yar rawa ce, irin rawar da suke kira bale, wadda mata ke tsayawa a kan yatsun ƙafa. Ta fara tun tana 'yar shekara bakwai, ta yi wajen shekara ashirin tana rawa a manyan ɗakunan Landan. Ta taɓa nuna mini hoto, 'yan mata da yawa cikin fararen kaya, ta sa yatsa a layi na biyu ta ce, "Ga ni nan. Ban taɓa zama ta gaba ba." Da gwiwarta ta lalace sai ta bari, ta koyi aikin motsa gaɓoɓin marasa lafiya. Amma duk wannan daga baya na sani.

Larai ta yi shan inna tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta shanye, jan gindi take yi. Madam ta kafa sanduna biyu a bayan ɗakinta, ta gitta gora, kullum da safe Larai ta riƙe gorar tana lanƙwasa gwiwa tana miƙewa, Madam na ƙirga mata da Hausarta mai karkata. Cikin wata uku yarinya ta fara tsayuwa.

Sai wata safiya na kai mata ruwan zafi, na tarar ta cire safa. Yatsun sun karkace sun hau kan juna, biyu ba farce, gefen babban yatsa ya kumbura kamar ƙulli. Na taɓa ganin kuturta a ƙafar kawuna. Kwana uku ina juya abin a raina, rannan na faɗa wa maƙwabciyata Talatu, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin ranar kasuwa ba gidan da bai ji ba.

Na hana Larai zuwa. Mata suka ware wa Madam ƙwarya ta daban, in ta aiko da abinci a zuba wa kaji. Wankinta kuwa da sanda nake juya shi. Damina guda ta wuce a haka, kuma a idona ƙafar Larai ta koma yadda take. Ina gani, ina kuka, amma tsoro bai bar ni na mai da ita ba. Har yau in na ga ɗingishinta sai in tambayi kaina, da ban ci mata wannan damina ba, da ya ragu?

Da kaka ta yi, muna bugun dawa a kan falalen dutse, sai ga Madam. Ta zauna a tsakiyarmu, ta cire takalmi, ta cire safa, ta miƙe ƙafafu.

"Ku duba da kyau," in ji ta. "Ba ciwo ba ne. Rawa ce ta yi mini haka."

Mama Saraya, tsohuwar Bagwariya da ba ta tsoron kowa, ta kama ƙafar ta jujjuya, ta mintsine ta. Madam ta yi ƙara.

"To, kuturu ba ya jin mintsini," in ji Mama Saraya. "Amma ke 'yar nan, wace irin rawa ce ke cin farce? Mu nan mun shekara sittin muna taka rawa, faso kawai muka samu. Tashi mu gani, in ba ƙarya ba."

"Ba kiɗa, Mama."

"Ga sanduna, ga dutse. Me kike nema kuma?"

Mata suka fara buga sanduna. Madam ta miƙe, a lokacin ta haura hamsin. Ta ɗaga hannu a hankali kamar mai tsinkar 'ya'yan itace ba ta so reshe ya motsa, ta juya, wuyanta a miƙe. Da ta zo hawa kan yatsu sai gwiwar ta ƙi, ta nemi abin dafawa. Mun fi ashirin a wurin. Ta tsallake kowa ta dafa kafaɗata, ta hau, ta tsaya kamar numfashi uku. Da ta sauko ta ce mini a hankali, "Maman Larai, gorar tana nan. Gobe da safe."

Ta san ni ce na fitar da maganar kuturtar, ba wanda ya ga ƙafar sai ni. Shekara goma sha huɗu muka ƙara yi tare ba ta tayar da maganar ba, ni kuma kullum sai in ce gobe zan roƙe ta gafara. Zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana huɗu ban roƙa ba. Maƙwabtanmu Kirista suka binne ta a bayan cocinsu. Ni Musulma ce, na daɗe ina damuwa da irin addu'ar da ta dace in yi mata, daga ƙarshe na bar al'amarinta a hannun Allah da ya fi ni sanin abin da ta yi.

Yanzu ƙauyen ba kowa. 'Yan bindiga sun tashe mu, muna zaune a cikin garin Birnin Gwari, ko kabarinta ba na iya zuwa in share. Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga dajin da take shiga ita kaɗai kallon tsuntsaye ya zama wurin da maza ke tsoron noma a bakinsa. Ina jin ba za ta yi doguwar magana ba. Za ta duba yaran da suka taru a gari, ta tambayi inda ake samun gora.

Hoton nan ya ƙone da ɗakinta da 'yan bindiga suka sa wuta. A Landan ban sani ba ko akwai mai tuna 'yar rawar layi na biyu. Abin da na sani shi ne ranar da muka gudu, da hantsi, ba mota, ba babur, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Larai ta zama babbar mace, ba wanda zai iya goya ta. Ina ta waiwaye ina cewa, "Za ki iya? Mu huta?" Har ta gaji da ni ta ce, "Inna, ki duba gabanki, ni ina ƙirgawa."

Wuni guda muka yi muna tafiya. Da ƙafarta ta shigo Birnin Gwari.